Ranar da Na Ce Gobe Akwai Zane

Yerimaram, Potiskum.

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin wuce duk shingayen hanya ba tare da an wahalar da ku ba. Allah ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana da ajin da za ki tsaya. Babanki yana gaishe ki. Ƙannenki ma haka, ko da yake tun kafin motarku ta bar tasha suka fara rabon gadonki da madubinki. Waya kin san halinta a wannan zamani, yau akwai layi gobe babu, shi ya sa na ɗauko biro, zan ba direban motar kasuwa ya kawo miki.

Malamar zane da aikin hannu! 'Yata ta cikina! Ke dai bari, Safiya, tun da kika tafi bakina ya ƙi rufuwa. Mai kayan miya na gaya masa, mai keke na gaya masa, har sojan da ke bakin layinmu sai da na gaya masa, ya ce Allah ya sa alheri da irin Hausarsa. Babanki ya ce in na ci gaba a haka za a ɗauka gwamna aka naɗa ki. Na ce ai gwamna ma bai iya gina saniya da laka ba.

Amma na ga fuskarki da kike faɗa min maganar hedimastanku, kuma ita ce ta sa ni zama in rubuta. Makaranta ta daɗe a rufe, an buɗe, yara ba su dawo ba sai tsiraru. Ya ce in zangon nan ya ƙare aji bai cika ba, za a sake rufewa a ce su tafi ta wani gari can gaba da Mamudo, hanyar da babu uwar da za ta saki ɗanta ya bi a wannan lokaci. Ke nan in aka rufe, karatunsu ya ƙare. Kika ce min, "Mama, ni fa zane na karanta, za su ce wasa na zo yi." Haba Safiya! Wasan nan shi ne zai dawo da su, lissafi ya same su a zaune. Na gani da idona. Sai dai ni sai da na fara watsa aji kafin na koyi tara shi, bari in ba ki labari tun da lokacin kina kwaleji, guntu-guntu kika ji shi.

Kin tuna shekarar da mutanen ƙauyuka suka cika unguwarmu, kowane kango da kowane zaure akwai iyali. Hedimastanmu ya tattara 'ya'yansu wuri guda, manya da ƙanana, ya ce, "Malama Hadiza, ga naki." Yawancinsu Karai-karai ne da Ngizim, da 'yan Fulani kaɗan. Hausarsu ta sayen gishiri ce kawai. Ba sa hayaniya, ba sa dariya, kowa so yake ya zauna kusa da ƙofa. Wata rana iska ta buga taga, kafin in juyo aji duk ya shige ƙarƙashin benci. Ni da na saba da yaran da sai na yi tsawa suke shiru, na rasa yadda zan yi da waɗanda sai na roƙa suke magana.

Sai dabara ta zo min, na ce zane za mu yi. Fensir babu, takarda babu, don Baban Chinedu mai shagon littattafai da muke saye a wurinsa ya kulle ya mayar da iyalinsa kudu. Na ce oho, ƙasa ai ba a saye. Ga rairayi fal a bayan aji, mu share shi, kowa ya tsuguna ya zana abin da ransa yake so. Daɗi ya cika ni. Da za a tashi na tsaya na buga tebur, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Gobe akwai zane! Kowa ya karyo ɗan reshen maina siriri ya zo da shi. Kowa da nasa, kuma babu wanda zai tsira, har ku na baya masu ɓuya!" Ina faɗa ina murmushi, wai ni mai ban dariya.

Washegari na zo da sassafe na share filina tas, na yayyafa ruwa. Aka buga ƙararrawa. Tabɗi! Aji wayam. Can sai ga wani yaro ya shigo yana tafiya a buɗe, ashe wando uku ya saka. Ya miƙo min reshen mainarsa da hannu biyu, ya juya min baya ya runtse ido. Bayansa wata yarinya ta shigo da zanen uwarta na fita unguwa a ninke a ka, ta ajiye min a tebur, ta ce an ce kada ya yage. Ni kuwa ina tsaye da baki buɗe, ban gane komai ba.

Malama Rahila ce ta leƙo daga ajin da ke kusa. Kin san ta, Bakarkariya ce, ita ke kawo mana shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. Ta tambayi yaron da yarensu, ya ba ta amsa, sai ta kama ƙyaure tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Hadiza, me kika ce musu jiya?" Na maimaita. Ta ce, "To yaran nan zane biyu suka sani a Hausa, na ɗaurawa da na bulala. Na ɗaurawa ba a karyo masa reshen maina." Wayyo Allah! Ni ma na fashe da dariya. Sai na ga ita ta daina. Ta ce, "Kin san abin da wasunsu suka gani kafin su zo nan? A gabansu aka tara iyayensu a dandali aka yi musu abin da kika ce za ki yi." Na nemi benci na zauna.

To ga shawarata ta farko. Kada ki sanar da aiki da baki, ki nuna shi da hannu. Ki shigo da abin a tafinki, su gan shi, su taɓa shi, sannan ki tambaye su yadda ake kiransa da yarensu, ki maimaita su yi miki dariya. Kuma duk abin da ya yi kama da bulala, ko rula ce, ki bar shi a gida. Hausar da kike ganin kowa ya iya, ba kowa ya iya ta irin taki ba.

Hedimasta ya ce in ba su dawo ba zai rushe ajin, don ba zai ajiye malama tana gadin benci ba. Ni da Rahila muka hau keke muka bi su gida-gida bayan an tashi. Ita ta yi bayani, ni in tsuguna in zana kaza a ƙasa in ce, "Kun ga, wannan zanen nake nufi." Yawancin gidaje dariya aka yi, wata uwa ma har ta kira maƙwabta su zo su ga malamar. Suka dawo, sai yarinya ɗaya, Adama. Tana da kamar shekara tara, siririya, mai manyan idanu, a hannun kakarta take a wani kango can wajen Ngojin.

Tsohuwar ta saurari Rahila har ta gama, sannan ta juyo gare ni da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Mun baro gida saboda masu zane mutane. Uban yarinyar nan, a gaban yarinyar aka zane shi, bai tashi ba. Yanzu ka ce in ba ka shi, da sandansa a hannu?" Na yi rantsuwa, na yi bayani, na zana kaza, na zana tukunya. Ta ce ta gane, kuskuren baki ne, amma Adama ba za ta je ba. Nan na fahimci cewa bayani ba ya cire tsoro. Ki riƙe wannan, don za ki haɗu da irin tsohuwar nan a kowane lungu na garin da kike, kuma gaskiya ce da su.

Sai na daina magana. Na sa aka ɗebo min laka a bakin tafki, na cire tsakuwa, na cuɗa da ɗan ƙaiƙayi don kada ta tsage, na ɗauka a bokiti bayan la'asar na je na zauna a ƙasa a ƙofar kangon. Ban yi wa Adama sallama ba, ban ko kalle ta ba. Na fara gina saniya. Kin san hannuna a laka ba kamar naki ba ne. Yaran layin suka taru suna gardama, wannan ya ce jaki ne, wancan ya ce kare ne mai ciki. Na ce saniya ce mana! Suka kwashe da dariya. Ina jin Adama a bayana tana matsowa. Can ta kasa haƙuri, ta sa hannu a bokitin ta yanko laka ba tare da ta tambaya ba.

Safiya, da kin ga yatsun yarinyar nan! Ta fitar da tozo, ta fitar da wuya, ta ja ƙaho biyu, sai ta lanƙwasa na hagu ya kalli ƙasa. Na buɗe baki zan ce ta gyara, Allah ya taimake ni na yi shiru. Kakar ta fito da tsintsiya a hannu, ta duba, ta sake dubawa, sai ta kira wani suna da yarensu ta dafe ƙirji. Ashe saniyarsu ce da suka baro, mai karkataccen ƙaho. Ta ɗauke ta a tafi tana dariya hawaye na zuba, tana nuna wa matan gidan. Da safe sai ga Adama a aji, kakarta na biye da ita. Tsohuwar ta shimfiɗa buhu a ƙarƙashin taga ta zauna har aka tashi, tana gadin kada a fito da bulala. Haka ta riƙa zuwa, har ta gaji da zaman banza ta karɓi aikin daka mana gawayi.

Shawara ta biyu ke nan. Kada samfurinki ya cika kyau. In kika ajiye musu abin da ya fi ƙarfinsu, naɗe hannu za su yi su ce na Malama ne. Bari su ga naki da ɗan gurgunta, su ji za su iya fin ki. Kuma kada ki kama hannun yaro ki gyara masa aiki. Abin da kike gani kuskure, wataƙila shi ne ainihin abin da yake son faɗa.

Daga nan fa aji ya kama wuta! Kai, ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan shekara ba. Kada ki zauna jiran a kawo miki fenti daga ofis, ba zai zo ba. Zoɓo zai ba ki ja, gawayi baƙi, jar ƙasa ruwan ƙasa, bula ta wanki shuɗi, farar ƙasa fari. Ki jiƙa ƙaro ki zuba kaɗan a ciki, launin zai kama kwali ba zai kakkaɓe ba, kuma ƙaro a wajenku sai dai ki ce yara su tsinko. Buroshi kuwa, a tauna bakin asuwaki ya yi laushi, shi ke nan. Kwalin sabulu, gwangwanin madara, murfin kwalba, kaba, karan dawa, duk ki ajiye buhu a bayan ƙofa a riƙa tarawa. Ƙanana ki ba su laka da tambarin hannu, su tsoma tafi a zoɓo su buga a kwali, za ki ji ihu har ofishin hedimasta. Ki sa su cire rigar makaranta tukuna, in ba haka ba iyaye mata za su zo miki da ita a hannu, kamar yadda suka zo min.

Manyan kuwa, 'yan ƙaramar sakandare, su ne masu wuya. Gani suke sun wuce wasan laka, za su harɗe hannu suna kallon rufi. Kada ki ce musu wasa, ki ce musu ƙira. Ki ce kina son motar kara wadda tayarta ke juyawa da gaske, ko tirelar shanu irin ta kasuwarmu mai ƙofar baya da ke buɗewa, kuma kina shakka ko za su iya. Ki ga yadda za su zube a ƙasa suna awo da tsinke! Reza dai a hannunki za ta zauna, ki bayar ki karɓa da kanki. In wani ya kawo miki tsintsiya ko faifai mai kyan gaske ya ce aikin hannunsa ne, ki yi murmushi ki ce ya zauna ya fara wani a gabanki. Na sha karɓar na kasuwa ina ba da maki, har na cika sito da tsintsiyar da babu yaron da ya koyi komai a kanta.

Af, kada in manta da koko! Wata rana na dama garin rogo da kauri don mu manna takardu mu yi ƙwarya. Na ajiye tukunyar na fita kiran Rahila ta zo ta ga abin mamaki. Na dawo na tarar da tukunya an suɗe ta ƙal, yara suna zaune shiru kowa da farin gemu. Na ɗaga murya zan yi faɗa, sai na tuna yawancinsu ba su karya ba. Tun daga ranar tukunya biyu nake ɗorawa, ta ciki da ta aiki, kuma ta ciki ake fara saukewa. Abin da kuka gina kuma kada ki shanya shi a ƙasa. Akuyoyin unguwa sun taɓa cinye mana jirgin sama guda har da fukafukai.

Akwai abu ɗaya da ba na dariya ba ne. Za su gina bindiga. Da laka, da kara, da komai, maza har da mata. Na farko da na gani na fizge na murƙushe, yaron ya kwana biyu bai kalle ni ba. Daga baya na koyi in tsuguna in ce, "Wannan fa?" In ya faɗa, in ce, "To daga nan sai me ya faru?" Wani zai yi magana, wani ba zai yi ba, duk ki bar shi. Amma ko da wasa kada ki bari a fita da ita daga aji. Yaro da bindigar kara a gaban shinge ba ƙaramin tashin hankali ba ne. In an tashi ku haɗa su a bokiti ku zuba ruwa, gobe laka ce, a gina wani abu.

Ina ta zuba miki murna, kada ki ɗauka ba na tsoro. Ina tsoro, Safiya. Makaranta na tura ki a lokacin da ake bin makarantu ana ƙonawa, na sani, Babanki ya sani. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa. In mutanen gari suka ce a tashi, ki tashi tare da su, kada ki tsaya ɗaukar ko da takalmi. Ki yi zaman lafiya da matan gidan da aka sauke ki, ki ci abin da suka ci, ki gaida tsofaffi har ƙasa. Amma in aji ne kawai ya ƙi cika, kada ki kwaso kaya ki dawo min. Ki ɗauki bokiti ki bi su.

Yanzu ga abin da ban gaya miki a tasha ba, don na san in na fara sai na yi kuka a gaban direbobi. Aikinmu na ƙarshe a wannan aji, gari muka gina. Na samo wani tsohon ƙyaure muka kwantar a ƙasa, na ce kowa ya gina min abin da ya baro. Aka yi rumbuna, aka yi rijiya da guga na murfin kwalba, aka yi masallaci, aka yi coci, aka yi kuka mai rassa. Iyaye suka riƙa zuwa kallo, suna gardama wai rumbun wane bai kai haka girma ba. Adama ta ɗauki kusurwa guda ta gina dogon ɗaki mai tagogi, ta jera ƙananan benci na kara a ciki, ta shafa gawayi a saman bangon. Ta ce makarantarsu ce. Na miƙa mata kwali na ce ga kwano, ki rufa. Ta mayar min da shi. Ta ce, "Malama, ba shi da rufi, ya ƙone. Sai mun koma."

Da damina ta faɗi, suka koma, don gona ba ta jira. Makarantar garinsu tana nan a rufe, don haka tun daga lokacin Adama ba ta sake zama a aji ba. Rahila ta ji a bakin danginta cewa awaki take kiwo, kakar kuma tana nan da ranta. Safiya, sunan garin da ke jikin takardar aikinki, garinsu ne. Makarantar da za ki tsaya a cikinta, ita ce wadda yarinyar nan ta gina min a kan ƙyaure. Kuma ke da bakinki kika ce da kuka je gani kun tarar an buga mata sabon kwano, yana ta ƙyalli.

Ki nemo min ita. Yanzu ta yi tsawo, wataƙila ta ji kunyar zama da ƙanana, ki san yadda za ki yi da wannan. Ki ce Malama Hadiza tana gaishe ta, tana gaida kaka. Ki ce mata na ji labari an yi rufin, saura masu zama a ciki.

Allah ya sa hannunki ya yi albarka, ya cika miki benci, ya kare ki da yaranki daga duk abin da muke gudu. Allah ya dawo min da ke hutu da ƙafafunki, da laka a farcenki.

Mamanki,
Malama Hadiza